Tsatson 18,446,744,073,709,551,615

Alƙaluma ashirin ne cif a cikinta. Mun saba jin tiriliyan a bakin masu karanta kasafin kuɗi, to wannan tiriliyan ce har sau miliyan 18 da ɗoriya. Ni malamin lissafi ne a sakandare, kuma duk shekara in muka iso darasin lambobi masu ninkuwa, ita nake fara rubutawa a allo. Yara kan zare ido, su yi ta ƙirga waƙafi, wani ya ce a karanta masa ita da baki. Ina jin daɗin wannan mamakin nasu, amma abin da ke ci mini rai shi ne nan yawancin mutane suke tsayawa, har da manya masu digiri. A ce musu lamba ce mai girma, su gyaɗa kai, a wuce. Alhali girman shi ne mafi ƙarancin abin da za a faɗa game da ita. Tana da asali, tana da dangi, kuma a cikinta akwai wata ƙaramar lamba, 641, wadda ta rushe zaton wani babban masani bayan shekara casa'in da 'yan kai ana riƙe da shi.

Bari in fara da inda aka fi saninta. Alƙali Ibn Khallikan, wanda aka haifa a Irbil a 1211 ya rasu a Dimashƙa a 1282, ya kawo labarinta a cikin littafinsa Wafayatul A'ayan, a inda yake ba da tarihin Abubakar as-Suli, gwanin wasan shaɗaranji. Shaɗaranji dara ce mai gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance. A labarin, wani mai hikima na ƙasar Indiya, Sissa ɗan Dahir, shi ya ƙago wasan ya kai wa sarki. Sarki ya ji daɗi, ya ce ya faɗi tukuicin da yake so. Sai ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina roƙon, har ya ji kamar an ci masa fuska. Da ma'ajin fada suka zauna da alƙalami, suka dawo suka ce alkamar ƙasar gaba ɗaya ba za ta biya ba, balle ta rumbun sarki.

Wurin da na fi so a wannan ruwayar shi ne Ibn Khallikan bai haɗiye maganar haka kawai ba. Ya ce zuciyarsa ba ta natsu da ita ba sai da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya ya zauna da shi ya nuna masa a takarda. Dabarar mutumin kuwa ita ce duk lokacin da lambar ta fi ƙarfin ido, sai ya sake ma'auni. A gida na 16 akwai ƙwaya 32,768, sai ya ce a ɗauke ta awo guda, abin da bai yi nisa da mudunmu ba. Daga nan ya daina ƙirga ƙwaya ya koma ninka awo. Da ya kai gida na 40 ya ce wannan ya cika katafaren rumbu ɗaya. A gida na 50 rumbuna sun zama 1,024, ya ce wannan gari ne sukutum. Gida na 64 kuwa, shi kaɗai, garuruwa 16,384 ne, kowanne da rumbunsa 1,024 cike maƙil. Ban san wata hanyar koyarwa da ta fi wannan ba, kuma ita nake bi a aji.

Ga yadda nake yi da ma'aunin yau. A ƙaddara ƙwayar alkama dubu tana da nauyin giram 40, wanda matsakaici ne. Buhu mai kilo 100 zai ɗauki ƙwaya miliyan biyu da rabi ke nan. Har gida na 22 ba gidan da ya cika buhu ɗaya shi kaɗai, ƙwaya 2,097,152 ce a wurin. Rabin allon, gida 32 na farko, in an tattara su duka, ƙwaya 4,294,967,295 ne, kusan tan 172, abin da tirela shida za su kwashe. Sarki mai wadata zai iya biyan wannan ya kwana lafiya. Gida na 33 shi kaɗai ya fi waɗannan gidaje 32 da ƙwaya ɗaya, na 34 ya ninka shi, kuma kafin a kai ƙarshe ana maganar tan biliyan 738. Alkamar da duniya ke nomawa a shekara tana wajen tan miliyan 800, don haka girbin sama da shekara 900 ke nan.

Wannan maganar ta cewa kowane gida ya fi duk na bayansa da ƙwaya ɗaya, ita ce mabuɗin lissafin. 1 da 2 sun ba da 3, saura ɗaya ya cika 4. 1 da 2 da 4 sun ba da 7, saura ɗaya ya cika 8. Haka abin yake tafiya har ƙarshe, shi ya sa jimillar gida 64 take daidai da biyu guda 64 an ninka su da juna, sannan a cire ɗaya. A taƙaice ana rubuta ta 2⁶⁴ − 1. Abu Raihan al-Biruni, mutumin Khwarizm da aka haifa a 973, ya fitar da ita daidai tun wajen shekara ta 1000, kuma bai wahalar da kansa da ninki 63 ba. Ya ɗauki 16 ya ninka ta da kanta ya sami 256, ya ninka 256 da kanta ya sami 65,536, ya ninka wannan da kanta ya sami 4,294,967,296, ya sake yi sau ɗaya, ya cire ɗaya. Aiki huɗu kacal.

Wanda zai gwada da na'ura ya yi hattara. Kalkuletar da yaranmu ke shiga jarrabawa da ita za ta nuna 1.844674407 × 10¹⁹, ta haɗiye sauran alƙaluman. Excel na kwamfuta kuwa alƙaluma 15 na farko kawai yake riƙewa, sai ya nuna maka 18,446,744,073,709,600,000, kuma in ka ce ya cire ɗaya ba za ka ga abin da ya canza ba. Ga mai awon alkama wannan ba komai ba ne. Ga mai son sanin halin lamba kuwa, wutsiyar nan da aka yanke ita ce ke ɗauke da labarin.

Daga wutsiyar za mu fara. Ta ƙare da 5, saboda haka mara ce, ba ta rabuwa biyu daidai, kuma 5 tana raba ta. In ka tara alƙalumanta ashirin za ka sami 87. Uku tana raba 87, tara ba ta raba ta, don haka 3 tana shiga lambarmu sau ɗaya tak. Rabon kuwa shi ne 6,148,914,691,236,517,205. Bakwai fa? A nan sai mu yi irin lissafin ranar suna, inda in an haihu Talata kowa ya san kwana bakwai zai dawo da mu Talata, abin da ya yi saura kawai ake dubawa. Raba 2 da 7, saura 2. Raba 4, saura 4. Raba 8, saura 1. Daga nan sai zagayen ya sake, 2, 4, 1, 2, 4, 1, taku uku-uku. Kafin 7 ta raba lambarmu dole zagayen ya faɗa kan 1 daidai a taku na 64, amma 64 ba ta rabuwa uku. Bakwai ta fita, ba tare da mun taɓa doguwar lambar ba. Da wannan hujjar 11 da 13 ma suka fita, don zagayensu taku 10 ne da taku 12. Lambar da za ta shiga sai wadda tsawon zagayenta yake raba 64, wato 2, 4, 8, 16, 32 ko 64 ɗin kanta. Ƙofa ce matsattsiya, kuma waɗanda suka sami wucewa ƙalilan ne.

Akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11. Zan kira su gagara-rabo. Kowace lamba da su aka gina ta, kuma hanya ɗaya ce tak ta gina ta. Tamu guda bakwai ne suka haɗu suka yi ta:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Ba wadda ta maimaitu a cikinsu, don haka babu wata lamba mai murabba'i, irin 4 ko 9 ko 25, da ke raba ta. Kuma tunda kowace daga cikin bakwai ɗin ko ka ɗauke ta ko ka bar ta, yawan lambobin da ke raba ta shi ne biyu guda bakwai an ninka, wato 128, har da ɗaya da ita kanta. Lamba mai alƙaluma ashirin, masu raba ta 128 kawai. Lambar 720,720, mai alƙaluma shida, tana da 240.

Fitar da waɗannan bakwai bai buƙaci kwamfuta ba, ƙa'idar da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya sani ta isa mafi yawan aikin, wato bambancin murabba'i biyu. 2⁶⁴ − 1 daidai take da (2³² − 1) sau (2³² + 1). Ta farkon ma ta sake tsagewa zuwa (2¹⁶ − 1) sau (2¹⁶ + 1), haka dai har ƙasa. In an gama tsagawa abin da ke hannu shi ne 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297. Dubi tsarinsu: 2 + 1, 4 + 1, 16 + 1, 256 + 1, 65,536 + 1. Daga 16 zuwa sama, lambobin nan da al-Biruni ya taka a kansu ne, an ƙara wa kowace ɗaya.

Waɗannan su ake kira lambobin Fermat. Pierre de Fermat ma'aikacin shari'a ne a birnin Tulus na Faransa, lissafi kuma sha'awa ce da yake yi bayan aiki. Ya lura biyar na farko duk gagara-rabo ne, sai a 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin duk lambobin wannan jeri haka suke, ko da yake ya faɗa da bakinsa cewa bai sami cikakkiyar hujja ba. Ina ganin girmansa a kan wannan gaskiyar da ya faɗa. Ya rasu a 1665 maganar tana nan yadda ya bar ta. Sai a 1732 wani saurayi ɗan shekara 25, Leonhard Euler, mutumin Basel da ke aiki a Sen Pitasbag ta Rasha, ya nuna cewa ta shidan ta rabu:

4,294,967,297 = 641 × 6,700,417

Yadda ya gano 641 ya fi sakamakon daɗi. Wanda zai bi ta hanyar gwaji kai tsaye sai ya gwada gagara-rabo dubbai, don dole ya kai har wajen 65,536 kafin ya ce ya gama. Euler, kamar yadda ya bayyana daga baya, ya yi amfani da hujjar zagayen nan. Duk lambar da za ta raba 2³² + 1, zagayenta taku 64 ne daidai, kuma wannan yana tilasta mata ta zama ninkin 64 an ƙara ɗaya. Gagara-rabo masu wannan siffa su ne 193, 257, 449, 577, 641, da na gaba da su. Ta biyar ta shiga. Rabo biyar da alƙalami, aikin yamma ɗaya. Daga baya Édouard Lucas ya ƙara matse sharaɗin zuwa ninkin 128 an ƙara ɗaya, inda 641 ta zama ta biyu a layi bayan 257.

Akwai kuma wata hujja gajeruwa da nake koya wa ɗaliban aji shida, wadda ba sai an yi dogon rabo ba. Lambar 641 tana da fuska biyu. Fuska ta farko, 5 sau 128 ne an ƙara ɗaya. Fuska ta biyu, 625 ne an ƙara 16, wato 5⁴ da 2⁴. To a lissafin saura, inda duk 641 da ta cika ake zubar da ita, fuska ta farko tana cewa 5 × 2⁷ daidai take da −1, tunda saura ɗaya ta cika. Ninka wannan da kanta sau huɗu, sai 5⁴ × 2²⁸ ta zama daidai da 1. Fuska ta biyu kuma tana cewa 5⁴ daidai take da −2⁴, tunda 625 saura 16 ta cika. Sa wannan a gurbin waccan, sai −2⁴ × 2²⁸, wato −2³², ta zama daidai da 1. Ma'ana in ka ƙara ɗaya a kan 2³², saura babu. Layi huɗu ke nan a allo. Akwai wata ɗalibata da ta kwafe shi, ta zauna shiru tana bin sa da yatsa, can ta ɗago ta ce, "Malam, ashe 641 ɗin ce ta tona kanta." Haka ne kuwa, domin duk hujjar a jikin ƙaramar lambar take, babbar ba a ko taɓa ta ba.

Sauran biyar ɗin, 3, 5, 17, 257 da 65,537, suna da wani aiki da Fermat bai hango ba. Tun zamanin Yunanawa an san yadda ake zana siffa mai gefe uku daidai-wa-daida, da mai gefe biyar, da abin ja layi da kamfas kawai, ba awo. Aka shafe kusan shekara dubu biyu ba wanda ya ƙara sabuwa mai gagara-rabo. Ranar 30 ga Maris 1796, Carl Friedrich Gauss, bai cika shekara 19 ba, ya gano cewa mai gefe 17 tana zanuwa. Ya kuma nuna dalili: siffa mai gefe mara tana zanuwa in yawan gefenta gagara-rabo ne na Fermat, ko an ninka irinsu daban-daban ba maimaici. Pierre Wantzel ya cike ɗaya ɓangaren a 1837, cewa in ba haka ba, ba ta zanuwa. Shi ya sa mai gefe 7 ko 9 ba ta yiwuwa da waɗannan kayan komai ƙwarewar mutum. An fitar da zanen mai gefe 257 a 1832, kuma wani Bajamushe, Johann Gustav Hermes, ya ba da wajen shekara goma na rayuwarsa ga mai gefe 65,537, ya kammala a 1894, takardunsa suna ajiye a Jami'ar Gottingen. In ka ninka biyar ɗin duka za ka sami 4,294,967,295, wato adadin ƙwayoyin rabin allon shaɗaranji, kuma ita ce lamba mara mafi girma da aka san siffa mai gefe adadinta tana zanuwa. Lambarmu ta cikakken allo ba ta zanuwa, 641 ce ta hana.

Magabata suna da wani rabe-raben. Nikomakus, wanda ya rayu wajen shekara ta 100 miladiyya, kuma Sabit bin Ƙurra ya juya littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza, ya kasa lambobi gida uku gwargwadon jimillar masu raba su, ban da ita lambar. Masu raba 6 su ne 1, 2, 3, sun taru sun ba da 6, cikakkiya ke nan, haka ma 28. Masu raba 12 sun ba da 16, mai rara. Masu raba 8 sun ba da 7, mai giɓi. Tamu mai giɓi ce. In aka tara 127 ɗin nan za su kai kashi 70 cikin ɗari nata, su tsaya. Kashi ɗaya cikin uku ya zo daga rabonta da 3, kashi ɗaya cikin biyar daga rabonta da 5, daga nan sai gudummawar ta yi ta tsukewa da sauri saboda 2 da 7 da 11 da 13 duk ba sa ciki.

Wata siffar da ke burge ni ita ce ta murabba'ai. Masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'ai huɗu ko ƙasa da haka. Wasu biyu sun ishe su, kamar 13 da take 4 da 9. Tamu tana cikin masu taurin kai, sai huɗun cif. Alƙaluma uku na ƙarshe sun isa shaida: raba 615 da 8, saura 7. Kowane murabba'i in aka raba shi da 8 saura 0 ne ko 1 ko 4, kuma duk yadda ka juya uku daga cikin waɗannan ba za su bar saura 7 ba.

Tana kuma cikin dangin Mersenne, wato lambobin da suke ninkin biyu an cire ɗaya. A wannan dangin ake farautar gagara-rabo mafiya girma, kuma wadda aka gano a Oktoban 2024 tana da alƙaluma 41,024,320. Tamu tun daga ƙofa an san ba ta cikin waɗannan, don 64 tana rabuwa. Maƙwabciyarta 2⁶¹ − 1 gagara-rabo ce. Wanda kuma yake son gagara-rabo mafi kusa da ita ta ƙasa, sai ya sauko zuwa 18,446,744,073,709,551,557.

A kwamfuta da wayar hannu ta zamani wannan lambar iyaka ce. Na'ura da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma idan aka ce waya ko kwamfuta mai bit 64 ce, ana nufin gurbi 64 take riƙewa a tashi ɗaya. Cika kowane gurbi da ɗaya, ka sami lambarmu, ɗaya guda 64 a jere, allon Sissa ke nan an cika kowane gida. In ka ƙara ɗaya a kanta, ƙirgar sai ta koma sifili. 'Yan uwanta ƙanana ma suna nan: 255, wadda take 3 × 5 × 17, ita ce iyakar hasken kowane launi, ja da kore da shuɗi, a hoton da ke fuskar wayarka. Ita kuwa 65,537 kusan kullum tana aiki a ɓoye cikin makullin RSA da ke tsare shafukan banki a intanet, an zaɓe ta ne don gagara-rabo ce kuma a rubutun na'ura ɗaya biyu ne kawai a jikinta, da sifili 15 a tsakaninsu, abin da ke sa lissafi da ita ya yi sauri.

Komawa ga Fermat, abin bai tsaya a kan ta shida ba. Ta bakwai a jerin ita ce 2⁶⁴ + 1, wadda ta fi lambarmu da biyu kacal, kuma ita ma ta rabu: 274,177 sau 67,280,421,310,721, kamar yadda Fortuné Landry ya wallafa a 1880. Masana suna lambata jerin daga sifili, don haka 65,537 ita ce mai lamba 4, ta Euler mai lamba 5. Daga mai lamba 5 har zuwa mai lamba 32 duk an tabbatar suna rabuwa, wasunsu ma an san suna rabuwa alhali ba a san ko ɗaya daga masu raba su ba. Har yau ba a sami gagara-rabo ta shida a wannan jeri ba, kuma ba wanda ya iya tabbatar da cewa babu ita. Ta farko da ba a san matsayinta ba ita ce mai lamba 33, kuma alƙalumanta sun haura biliyan biyu da rabi.